Ni Ba Uwar Cikin Fim Ba Ce

Agege, Legas
Daren Alhamis

Zuwa ga mai sunan Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, ya kasuwa? Mu nan alhamdu lillahi, jinin ya sauka, ƙafar ma da sauƙi, jiya har tsakar gida na share da kaina.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna alhali ga waya, kuma tsakanin Agege da Ajah ba tafiyar kwana ba ce. Ka san dalili. Shekara 34 ke nan ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa zaunar da kai na yi doguwar magana ina kallon idonka ba. Kai ɗan fari ne, ga sunan surukina a kanka, kunya biyu ta haɗu. In ka shigo ka durƙusa, abin da ke fita daga bakina bai wuce "an zo lafiya" da "Allah ya yi albarka" ba. Abin da ke cin raina yau ya fi ƙarfin waɗannan, shi ya sa na ɗauki biro. Ka karanta kai kaɗai.

Jiya Laraba Auta ta miƙo mini wayarta, ta ce, "Umma, dubi abin da Yaya ya ɗora." Hotona ne na ranar bikinka, an sa waƙar mahaifiya a ƙarƙashi, ka rubuta cewa mata suna da yawa amma uwa ɗaya ce, kuma duk wadda ta taɓa uwarka ta taɓa wuta. Abokanka suna ta sa maka albarka. Ni a lokacin ban san hawa ba, ban san sauka ba. Sai bayan la'asar gwaggon matarka ta kira ni daga Idi-Araba, muryarta a sanyaye, ta ce yarinya tana wurinta tun daren Litinin, da cikin wata bakwai da jaka ɗaya, ta ƙi faɗin komai sai dai wai ka ce ta ba ka wuri. Na tambaya ko ka furta wani abu ko ka ba ta takarda, ta ce a'a. Na gode wa Allah da wannan, amma daren jiya ban runtsa ba.

Bari in fara da nawa laifin. Ranar Lahadi da ka zo duba ni kai kaɗai, na ce, "Ita gimbiyar taka ba ta da ƙafa ne?" Ni na faɗa, ba zan musa ba. Kwana huɗu ina kwance, raina a jagule, ga maƙwabciya ta shigo da safe tana ba ni labarin yadda surukarta ta zo ta kwana biyu tana yi mata wanki da guga. Na saki maganar ban tuna cewa daga Ajah mace mai tsohon ciki sai ta hau keke, ta hau mota zuwa Obalende, ta sake wata ta haye gadar Third Mainland zuwa Oshodi, ta sake wata kafin ta ga Agege ba, awa uku ko huɗu cikin gosulo da hayaƙi. Ban tuna kunun gyaɗar da ta dama ta aiko ka da shi a fulas ba, alhali yana ajiye a gefen katifata. Na nemi gafarar Allah, kuma zan nemi tata. Amma ni magana ɗaya na yi cikin zafin ciwo, kai kuma ka ɗauke ta ka je ka shirya fim da ita.

Na ce fim don na san inda ka samo wannan kalami. Ba a bakin mahaifinka ka ji shi ba, Allah ya jiƙansa. A ɗakina ka ji shi, kana zaune kan tabarma gaban talbijin, kuma ni nake ba ka kuɗi ka karɓo hayar kaset a shagon bakin layi. In ana lissafin waɗanda suka ɗora ku a kan kallo, hannuna yana ciki.

Lokacin da aka kawo ni Ikko ina amarya a 1988, ban san kowa ba, ba na jin Yarbanci, mahaifinka yana fita wajen huhunan goronsa tun asuba sai bayan isha'i. Maza suna zuwa Pen Cinema, wurin da yanzu ba abin da ya rage sai sunan da gadar sama, mu kuwa sinima ba wurin matan aure ba ce. Bidiyo ɗaya ce a duk gidan hayarmu, a ɗakin wata Bakatsiniya. Nan muke taruwa bayan azahar mu kalli Indiya. Ba a fara fassara su da Hausa ba a lokacin, babu mai jin yarensu, amma kowace tana kuka daidai inda ya kamata. Abin da ya ja mu gare su shi ne mun ga kamanninmu: lulluɓi, kunya, auren dole, talaka a hannun mai kuɗi, ɗa yana sunkuyawa gaban uwarsa. Ni kuma kewar tawa uwar ce take fito mini ta ido.

Akwai guda biyu da nake so ka sake kallo da idon babba, don ku rabi kuka riƙe kuka bar rabi.

Na farko Mother India, wanda aka yi a 1957. Ka tuna shi, matar nan da mijinta ya rasa hannayensa biyu ya bar gida don baƙin ciki, ta koma tana jan garma da wuyanta, mai ba da bashi da ruwa yana kwashe mafi yawan amfanin gonarsu, ambaliya ta zo ta share ɗan abin da ya rage. Ɗanta Birju ya tashi da wutar abin da aka yi wa uwarsa a zuciya. Burinsa ya karɓo mata awarwaronta da suke hannun azzalumin nan. Ya zama ɗan fashi, ya dawo ya kashe mutumin, sannan ya ɗauke 'yarsa a kan doki ranar bikinta. Duk abin da ya yi, a ganinsa, don uwarsa ya yi. To me uwar ta yi? Ta ɗauki bindiga ta harbe shi, ya mutu a hannunta. Ɗan da ta fi so ta kashe saboda mutuncin 'yar mutane, kuma 'yar maƙiyinta. Ranar da muka fara kallonsa ɗakin ya yi tsit, wata dattijuwa a cikinmu ta ce, "Wannan ita ce uwa." A lokacin ban gane ba, ina ganin wace irin zuciya ce wannan. Jiya da dare na gane. Ba abin da ya fi ci wa uwa rai irin a zalunci 'yar wani a ce don ita aka yi.

Na biyu Deewaar na 1975, na Amitabh Bachchan da Shashi Kapoor. Amita ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, irin 'yan'uwanmu na Apapa, ya faɗa fasa-ƙwauri ya yi kuɗi, har ya sayi dogon ginin da uwarsa ta taɓa ɗaukar bulo a kanta lokacin gina shi. Ƙaninsa ya zama ɗan sanda. Kowa ya haddace wurin da wan yake lissafa gidaje da mota da kuɗin banki yana tambayar ƙanin shi me yake da shi, ƙanin ya ce shi yana da uwa. Kai ma kana yaro kana kwaikwayon wurin da Hausa. Abin da ba ku riƙe ba shi ne yadda aka yi uwar ta zama ta ƙanin. Da ta gane da me aka sayi gidan, fita ta yi ta bar shi, ta bi mai ɗan albashi. Son da take yi wa babban bai ragu ba, a cinyarta ya cika, amma ba ta yarda ta kwana ƙarƙashin rufin haram ba.

Daga baya namu suka zo. An fara na Kano da Turmin Danya a 1990, kafin ka gama firamare kaset ɗin Ƙofar Wambai sun cika Agege, ga na Idumota da Alaba na Turanci da Yarbanci. A nan ne uwa ta rabe gida biyu. Akwai ta kan tabarma da carbi, mai tsumma a jiki, wadda aikinta kuka da haƙuri har ɗa ya dawo da mota a ƙarshen fim. Akwai kuma uwar miji mai ɗaurin ɗankwali a goshi, wadda take shiga gidan ɗanta ta buɗe tukunya, ta ce an shanye mata ɗa, an mallake shi, ta tafi wajen boka, in ta rasa yadda za ta yi ta dafa ƙirji ta ce, "In ba ka sake ta ba ban yafe nonona da ka sha ba." Shi kuma ɗan hanya biyu kawai ake ba shi. Ko ya zama mijin-ta-ce ya wulaƙanta uwarsa har duniya ta juya masa baya, ko ya yage takarda ya rubuta saki uku yana hawaye. Ban taɓa ganin an nuna na ukun ba, wanda ya riƙe su duka biyu. Ba mu kaɗai ba ne. Inyamurai suna da Patience Ozokwor wadda ta yi suna da wannan fitowa, kuma su ne dai suke rawa da Sweet Mother ta Prince Nico Mbarga tun 1976 a kowane biki. Maƙwabtanmu Yarbawa suna cewa uwa zinariya ce, uba madubi, amma a finafinansu sau nawa ake wayar gari uwar miji ce mayyar gidan?

Ba na zagin masu fim, sana'arsu ce, kuma sun ɗebe mini kewa a shekarun da ba ni da kowa a garin nan. Amma ka san yadda cinikin yake. Awa biyu gare su, dole a samu mugu, dole a samu hawaye, dole mai kallo ya nemi kashi na biyu. Gidan da ake zaune lafiya ba ya sayuwa. Kuma duk aiki ne ake biya a tashi. Marigayiya Saratu Gidado, Daso, wadda ta rasu a watan Afrilun 2024 a ƙarshen azumi, ta sha fitowa a muguwar uwa har mata suna tsine mata a gaban talbijin, amma da ta rasu abokan aikinta barkwancinta da son mutanenta suke ta faɗa. Nargis da ta fito uwa a Mother India da Sunil Dutt da ya fito ɗan da ta harbe sa'annin juna ne, a 1958 ma suka yi aure. Su in an kashe kyamara kowa ya wanke fuska ya tafi gida. Kai da ka ɗauko maganarsu ka faɗa wa matarka, ba wanda zai ce maka a yanke a sake ɗauka.

Bari in ba ka labarin na ukun nan da ba a nunawa, don a gidanku aka yi shi. A 1993 kakarka ta zo daga Zariya neman maganin ido, ta yi wata uku tare da mu a ɗaki da falo. Mace ce mai kirki amma mai zafi, ni kuma ga ƙuruciya. Tuwona bai yi mata ba, ta saba da na dawa ni ina tuƙa na shinkafa. Gaisuwata ta yi mata gajarta. Rannan na amsa mata magana daga tsaye, hannuna da kumfar wanki, abin ya tsaya mata a rai. Da daddare ta kira mahaifinka ta ce ya mayar da ni gidanmu. Ka san abin da ya yi? Ya durƙusa ya ce, "Inna, in ta yi miki laifi ni na yi, ni na ɗauko ta na kawo ta inda ba ta da kowa. Ki hukunta ni." Bai ɗaga murya ba, bai ce mata ba ta da gaskiya ba, kuma bai sake ni ba. Bai ma taɓa gaya mini an yi haka ba. Abin da na gani kawai, washegari ya dawo da garin dawa daga kasuwa, ya ce mini cikin raha Inna ta yi kewar tuwon gida. Ya rage zaman rumfa, shi yake kai ta asibiti, shi yake ɗiga mata magani, shi yake matsa mata ƙafa da man zafi har ta yi barci. Hidimar da take nema a wurina ya ɗauka ya yi da hannunsa, sai zafin ya huce. Sai bayan shekara goma, tana ciwon ajali ina jinyarta, ita da bakinta ta ba ni labari, ta riƙe hannuna ta ce, "Da ya bi maganata da wa zai juya ni yau?"

Wannan ba zai yi kasuwa a fim ba, don babu mari, babu akwati a tsakar gida. Amma shi ne biyayya.

Kai ka yi makarantar allo da ta Islamiyya, ba sai na koya maka ba, tuni kawai zan yi. Da mutumin nan ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wa ya fi cancanta da kyakkyawan zamansa, aka ce mahaifiyarka har sau uku kafin a ce mahaifinka, shi aka gaya wa, ba matarsa ba. Ayar Suratul Isra'i da ta hana a ce wa iyaye ko "uf", da kai take. Uwaisul Ƙarni da ya zauna a Yaman yana hidimar uwarsa har bai samu ganin Annabi ba, da jikinsa ya yi. Aljannarka ce, kai za ka nema, ba a aika 'yar wani ta nemo maka. Abin da matarka ta yi mini kyautatawa ce, in ta yi Allah ya ba ta lada, in ta kasa ba ta ci bashin kowa ba. Malamai suna kawo cewa wani ya zo wa Imamu Ahmad ya ce mahaifinsa ya umarce shi ya saki matarsa, ya ce kada ya saka. Mutumin ya kawo hujja da Sayyidina Umar da ya sa ɗansa Abdullahi ya yi saki, Imamu ya ce sai in mahaifinka ya zama kamar Umar. To ni ban kai ko ƙurar takalmin Umar ba, kuma ban ma ce ka kore ta ba. Ka buɗe farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ka gani, wadda aka saka ma Allah ya ce kada a fitar da ita daga ɗakinta tana cikin idda. Ina ga wadda igiyarta uku ke nan daram, da cikinka a jikinta, da daddare, a garin da iyayenta suke nisan tafiyar yini da kwana?

Bakin uwa gaskiya ne, ba na wasa da shi. Ƙissar Juraiju tana nan, mai ibadar da uwarsa ta kira shi yana nafila bai amsa ba, ta yi masa addu'a kuma ta kama shi. Amma darasin da ni na ɗauka a ciki nawa ne: mai riƙe da irin wannan baki ita ya kamata ta fi kowa tsoronsa. A fim an mayar da shi bindigar da ake ɗora wa ɗa a ka. Ni tun da na haife ka ban taɓa buɗe baki na yi maka mugun kalami ba, ko ranar da ka fi ɓata mini rai, kuma ba zan fara a kan 'yar mutane ba. Nan da wata biyu in Allah ya sauke ta lafiya ita ma uwa ce. Duk hadisin da ka haddace a kaina zai hau kanta.

Akwai magana ta biyu, tushensu ɗaya da ta farko. Auta ta gaya mini, kada ka yi mata faɗa, cewa ranar da ka ga takardar kuɗin magunguna ka ce ko ta halin ƙaƙa sai ka fitar da ni daga gidan haya ka biya mini kujerar Makka, kuma akwai wasu yara da suke son ka riƙa karɓar musu kuɗi ta asusunka kana canza musu, da kaso mai tsoka. Kai ɗan canji ne, ka fi ni sanin kuɗin da ba a son a tambayi asalinsa. Kwanakin baya Auta ta kunna mana fim ɗin Funke Akindele, A Tribe Called Judah, wanda ya fito a ƙarshen 2023, na farko a finafinan Najeriya da ya tara sama da naira biliyan 1 a gidajen sinima. Mace ce da 'ya'ya maza biyar, kowanne ubansa daga wata ƙabila, har da Adamu a ciki. Ciwon ƙoda ya kama ta, ba kuɗin magani, sai suka haɗa kai su yi sata a shagon da babbansu ya taɓa aiki. An tsara shi yadda duk mai kallo zai goyi bayansu, ni ma na tsinci kaina ina yi musu fatan tsira. Amma babban bai dawo ba, a wurin ya bar ransa. Auta tana ta yaba ƙoƙarin 'ya'yan, ni kuwa tambaya ɗaya ce a raina: wa ya tambayi uwar? Wace uwa ce za a ce mata ga lafiyarki, a ba da ɗanki na fari, ta karɓa?

Na san akwai masu karɓa. A 2019 shugaban EFCC na lokacin, hukumar yaƙi da zambar kuɗi, ya fito ya ce iyaye mata na 'yan Yahoo, masu damfara ta intanet, har ƙungiya suka kafa, kuma a unguwar nan na ga uwar da ɗanta ɗan shekara 20 ya kawo mata mota ta yi guɗa ba ta tambaya ba. Ni ba na cikinsu. Kuɗin da aka raba wata tsohuwa da shi a wata ƙasa, ita ma uwar wani ce, ba zan yi ɗawafi da shi ba. Hajji Allah ya ɗora wa mai iko ne, in ban samu ba ba ni da laifi. Ɗakin nan a cikinsa na yi zaman aure, a cikinsa na yi takaba, bai matse ni ba. Dubu biyar ta halak da kake turo mini ran Juma'a ta fi mini gida a Lekki da zan riƙa jin ƙarar mota da dare gabana yana faɗuwa. Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa.

Saura abu ɗaya, shi ne mafi nauyi a bakina. An gaya mini ka taɓa cewa Umma ba ta sonka kamar sauran, ba ta taɓa rungumarka ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da kai yadda iyaye suke yi a fim ba. Ina zargin wannan ne ya sa kake neman hanyar nuna mini so da ƙarfi, da hoto da waƙa da korar mace, ko zan dube ka. To ka ji. Da kakarka za ta koma Zariya a waccan shekarar, ta ce za ta tafi da kai yaye, kana da shekara biyu. Ɗan fari ba na uwa ba ne a al'adarmu, ba ni da bakin cewa a'a, in na nuna damuwa ma abin gori ne a ce ba ni da kunya. Na haɗa kayanka da hannuna, na raka ku tasha fuskata a sake, har ina yi wa mutane dariya. Da na dawo na kulle ɗaki. Akwai wata 'yar rigarka mai ruwan ƙasa da na ɓoye ban sa a jakar ba. Shekara huɗu da ka yi a can da ita nake kwana. Tana nan a ƙasan akwatina har yau, in na mutu za ku gani. Duk mai zuwa Zariya sai na ba shi saƙon sabulu da takalmi in ce a kai wa Inna, ban taɓa cewa naka ne ba, amma ita ta san ƙafarta ba ta shiga takalmin yaro. Ba a ɗaukar irin wannan a kyamara, don ba a gaban mutane ake yin sa ba.

Ban ce al'adar nan dole ta ɗore ba. Matarka 'yar zamani ce, za ta kira ɗanta da sunansa, ta ɗauke shi a gaban kowa, kada ka hana ta, ni ma ba zan hana ba. Wataƙila nata ya fi sauƙi ga yaro. Ni dai haka aka gina ni, kuma na tsufa da canzawa.

Yanzu ga abin da nake so. Ka cire hoton nan yau, kada ka sake sa fuskata a kan maganar da za ta ƙona zuciyar wata. Ka kira gwaggonta ka ba ta haƙuri kafin ka kwanta. Yaran nan masu kuɗi ka ce musu ba ka yi, ko da za su daina gaishe ka. Ranar Asabar da hantsi ka zo ka ɗauke ni, na riga na gaya wa Baffanka na Mile 12 zai same mu a can, mu je Idi-Araba biko. Ka taho da goro mai kyau, fari, ka san irin wanda mahaifinka yake zaɓa, da turmin atamfa. In mun shiga ni zan fara magana, don ni na fara ɓatawa, kai ka yi shiru sai an tambaye ka. In ta ce sai ta ƙara kwana biyu a bar ta ta huce, haƙƙinta ne. Maganar wankan jego kuma, ko mahaifiyarta za ta zo ko nan za ta dawo wurina, ita za a tambaya, ba kai ba, ba ni ba.

Auta za ta kawo maka takardar nan wurin aiki gobe da safe. In mun haɗu kada ka ɗauko mini zancen abin da na rubuta, ba zan iya amsa maka ba. Ka gaishe ni yadda ka saba.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka da haram, ya sauki matarka lafiya.

Wassalam,
Mahaifiyarka